Tafiyarmu ta Badagry: Mu Fara da Tarihi, Teku Ba Za Ta Gudu Ba

Ina godiya ga editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan tafiyar ƙarshen zangon karatu da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa take shiryawa. Kamar yadda kowa ya gani a allon sanarwa, kwamitin shirye-shirye ya tsayar da garin Badagry, kuma ya fitar da tsarin yadda yinin zai kasance: a tashi da ƙarfe tara na safe, a leƙa gidan tarihi na awa ɗaya, daga nan a zarce bakin teku, a kuma ƙarasa yammaci a wani wurin shaƙatawa mai kuɗin shiga. 'Yan kwamiti sun yi ƙoƙari, ba na raina wahalarsu. Zaɓen garin ya yi daidai. Tsarin yinin ne nake da ja a kansa, domin a ganina an ɗora doki a bayan amalanke, kuma kuɗin da muka tara da kyar za su tafi a hanya da rairayi.

Tun da aka liƙa sanarwar, ɗalibai suka rabu gida biyu. Wasu na cewa me ya haɗa ɗalibin Hausa da garin Egun da ke kusa da iyakar Jamhuriyar Benin? In da gaske ake, a tafi Kano ko Zariya ko Katsina. Wasu kuma na cewa mun sha wahalar nahawu da tsarin sauti tsawon zango, a bar mu mu huta, kada a mayar mana da ranar hutu lacca. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda ba tare da sun lura ba, wato Badagry ba ta da alaƙa da karatunmu. A nan nake ganin duk sun yi kuskure.

Ga masu son Kano, amsar a taƙaice take. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, ba abin yini ɗaya ba ne, kuma asusun ƙungiya ba zai ɗauki nauyin kwana da abinci ba. Wannan tafiya ce ta daban, da lokacinta. Amma kafin mu je ƙasar Hausa, akwai wani yanki na tarihin Hausawa da ya sauko har bakin ruwan nan da muke zaune a kai, kuma da wuya ka ji an ambace shi a aji.

A ƙarshen shekarar 1825 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka a Badagry tare da yaronsa Richard Lander. Ina suka nufa? Sakkwato, wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda Clapperton ya riga ya gana da shi a 1824 lokacin da ya biyo ta hamada. A wancan zuwan na farko sun tattauna batun hana fitar da bayi ta bakin teku da buɗe ciniki da Ingila. To a karo na biyu sai ya biyo ta kudu. Sun bar Badagry a watan Disamba, suka ratsa ƙasar Yarabawa har tsohon birnin Oyo, suka ƙetare Kwara a Busa, suka isa Kano a 1826, sannan Sakkwato, inda Clapperton ya rasu a watan Afrilu na 1827. Lander ya juyo ya sake fitowa ta Badagry ɗin nan. Ashe kuwa a wancan zamani, in mutum ya tsaya a bakin ruwan Badagry, a farkon hanyar Sakkwato yake tsaye. Wani abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, a rubuce-rubucensu Katunga suke kiran tsohon birnin Oyo, sunan da Hausawa suke kiransa da shi. Daga bakin wa suka ji sunan?

Wannan tambaya ta kawo mu ga mutumin da ya fi damuna a duk labarin. Tafintan tafiyar Bagobiri ne, sunansa na yanka Abubakar, Turawa kuma suna ce masa Pasko. An kama shi an sayar, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har aka loda shi a jirgin bayi. Sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, ya sami 'yanci, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, ya koyi Turanci, daga baya kuma ya koma ƙasarsu a matsayin bakin Turawa da kunnensu. Ya sake rakiyar Lander da ƙanensa John a tafiyar 1830, wadda ita ma daga Badagry ta tashi, wadda kuma ta tabbatar wa Turawa inda Kwara take faɗawa cikin teku. Mu da yawancinmu a aji muka koyi Hausa, kuma da yawa aikin fassara da tafinta muke hange bayan kammala digiri, ai wannan mutum kakanmu ne a sana'a. Littattafan firamare sun koya mana sunan Lander, ba su koya mana nasa ba.

Su kansu 'yan'uwan biyu, Richard da John, sun rubuta cewa a watan Maris na 1830 sun tarar da malamai Hausawa zaune a Badagry, har suka kalli bikin ƙaramar salla a garin. Ke nan shekaru goma sha biyu kafin ɗan mishan na farko, Thomas Birch Freeman, ya iso a 1842, ana jin Hausa a lungunan Badagry.

Ba duka Hausawan da suka iso bakin teku ba ne suka zo da allo da tawada. Da yawa a ɗaure suka zo. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa ɗimbin mutanen ƙasar Hausa cikin bauta, aka gangaro da su kudu, aka sayar wa fataken Fotugal da Birazil a tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Fotonobo da Badagry da Legas. Gaskiya ne a wancan lokaci Legas ta riga ta fi Badagry ciniki, amma hanyar ruwa ɗaya ce ta haɗa su. A lardin Bahiya na Birazil, bayi Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye na 1807, suka kuma kasance kan gaba a na 1809 da 1814. A babban boren 1835 a birnin Salbado, Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, amma da Hausawa a ciki. Waɗanda aka kuɓutar a teku kuwa aka zube su a Saliyo, kuma irinsu ne suka fara koya wa J. F. Schön Hausa, har ya buga littafinsa na kalmomi a 1843. Duk wanda ya ci jarrabawar tarihin rubutun boko ya san wannan suna. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne malamansa na farko ta cikin jirgin bayi suka biyo. Haka kuma a 1863, shekarar da aka haɗe Badagry da mulkin mallakar Legas, John Glover ya kafa rundunarsa da Hausawan da suka tsere wa bauta, wadda sojan Nijeriya suke lissafa asalinsu daga gare ta.

To, ya 'yan'uwana, duk wannan za a cusa a awa ɗaya, a tsakanin fitowa daga bas da ɗaukar hoto?

Akwai kuma wani dalili da ya sa awa ɗaya ba za ta isa ba. Kusan duk abin da na lissafa a sama ba za mu tarar da shi a rubuce a jikin bango ba. Gidajen tarihin Badagry labarin garin suke bayarwa, kuma haƙƙinsu ne. Za a nuna mana sarƙoƙi da mari da ƙarfen da ake datse bakin bawa a gidan iyalin Mobee. Za a shigar da mu 'yan ɗakunan ajiye bayi a gidan Seriki Williams Abass, masu ƙaramar taga can sama, inda in mutum goma suka shiga numfashi yake wuya. Za mu ga tsohon ofishin Di'o na 1863 wanda yanzu shi ne babban gidan tarihin garin. Amma sai wanda ya zo da tambayarsa ne zai ga Bahaushe a cikin waɗannan ɗakuna. Ko sarautar mai gidan ma abin tsayawa ce. Seriki ai sarki ne, kalmar Hausa ce da ta shiga bakin Yarabawa, kuma muƙamin da ya riƙe, Seriki Musulumi, ba ya bukatar fassara a wurinmu. Mutum ne da iyalinsa suke cewa shi ma bawa ne aka kai Birazil, ya dawo ya shiga cinikin da ya cinye ƙuruciyarsa, ya rasu a 1919 yana babban basarake. Irin wannan rayuwa ba a yanke mata hukunci a tsaye ana duban agogo.

Bari in taɓo masu yi wa baƙi jagora, domin su ne za su riƙe mu tsawon safiya. Na taɓa zuwa garin sau ɗaya tun ina sakandare, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne iya bakinsu. Gwanaye ne wajen ba da labari, sun san inda za su sassauta murya da inda za su yi shiru. Sai dai ba kowace magana tasu ce za a kwafa a kai cikin kundin digiri ba. Alal misali, za a ce mana an kafa kasuwar bayi ta Vlekete a 1502, alhali masana irin su Robin Law, da suka bi takardun fataken Turai, sun nuna cewa tashen Badagry a matsayin tashar bayi ya fara ne a shekarun 1730, bayan wani ɗan kasuwar Holan ya zauna a wurin. Za a kai mu gidan mishan da aka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, a ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Ɗalibin Hausa ya kamata ya yi murmushi cikin ladabi, domin Clapperton ya ga gidajen ƙasa masu hawa biyu a Kano tun 1824, ga kuma hasumiyar Gobarau a Katsina. In aka ce benen farko irin ginin Turawa, sai mu ce mun ji. A tsibirin Gberefu kuma za a nuna mana rijiyar da ake cewa in bawa ya sha ruwanta sai ya manta gida.

Ba ina nufin mu je mu yi musu da mutane a garinsu ba. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma asara ce. Mu da aka koya wa adabin baka mun san cewa labarin rijiya yana da daraja ko da ba a auna ruwanta an ga magani ba, domin yana gaya mana yadda al'umma take fassara abin da ya fi ƙarfin hankali: yaya mutum zai taka har bakin jirgi bai waiwayo ba? Aikinmu shi ne mu nemi izini mu ɗauki muryar mai bayani da waya, mu rubuta yadda ya faɗa, mu kwatanta da abin da na gida na gaba zai faɗa, sa'an nan mu kwatanta da littafi. Wannan shi ne binciken fili da ake ta yi mana bayaninsa a allo, ga shi kusan kyauta.

Yanzu sai batun lokaci, wanda shi ne ainihin inda tsarin kwamiti ya karye. Daga Mile 2 zuwa Badagry kilomita hamsin da 'yan kai ne kawai, amma duk wanda ya san wannan titi ya san ba da kilomita ake auna shi ba. Tun 2009 aka fara aikin faɗaɗa shi. An sami sauƙi a wurare da dama, amma Iyana Iba da Okokomaiko da Agbara ba su daina tara motoci ba. Kuma da yake titin ne yake zarcewa iyakar Seme, akwai shingayen jami'ai, kowanne kuma yana iya cin mintuna. Bas ɗin da ya ce zai tashi ƙarfe tara, mun san halinmu, sai goma zai motsa. Ya isa da azahar, rana ta take, kowa ya galabaita yana neman abinci. A nan ne za a ce a bar gidan tarihi na biyu, a bar tsallaka ruwa, a wuce teku kawai. Da sanyin safiya ake kama fara. A tashi ƙarfe shida daidai, wanda ya makara ya biyo mu a motar haya da kuɗinsa. Kowa ya riƙo katin shaidarsa na makaranta, shugaban tafiya kuma ya riƙe wasiƙar sashe da jerin sunaye, don kada a ɓata lokaci a shinge. Ranar Asabar ta fi, ba ta taɓa Juma'ar wasu ko Lahadin wasu ba. Kuma a sa tafiyar cikin rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Wanda ya sa ta a Yuni ya shirya yin yini a cikin bas yana kallon ruwan sama ta gilashi.

Sa'ar da muka yi ita ce wuraren tarihin ba su warwatsu ba. Yawancinsu suna kan titin Marina na bakin ruwa ko kusa da shi, ana iya zagaya su da ƙafa. In mun isa wajen takwas da rabi, muka karya kumallo, muna da awa uku cur. A raba mu rukuni uku na mutum kaɗan-kaɗan, domin ɗakunan ƙanana ne, in aka shiga gaba ɗaya na baya ba ya jin komai sai surutun na kusa da shi. Shawarata ita ce a ɗauki gida uku a yi musu kallon tsanaki, maimakon a bi shida a guje. Wurin tunawa da bishiyar Agia, inda aka yi wa'azin Kirista na farko a 1842, wadda ta faɗi a 1959, tsayawar minti goma ta ishe shi.

Daga nan sai tsallakawa zuwa Gberefu. Tafiyar ruwan gajeruwa ce, ana hango ɗaya gaɓar, kuma wannan ne yake sa mutane sakaci. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Kada kowa ya shiga kwalekwale ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba, kuma kada a yi lodin da ya wuce ƙa'ida don a rage kuɗin sawu. In sai an yi sawu uku, a yi. Kuɗin da za a biya na shiga wurin shaƙatawa, wanda nake roƙon a soke, ya isa ya cike wannan giɓi. Bayan an sauka akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi, kamar ta rabin awa ga mai tsayawa yana kallo, kuma inuwa kaɗan ce. Saboda haka a zo da hula da ruwan sha da takalmin da zai iya yashi. 'Yan'uwana mata, a bar mai tsini a ɗaki. Wannan hanya ce ake cewa bayi sun bi zuwa wurin da ake kira inda ba a komowa, kuma a ganina ita ce zuciyar tafiyar duka. A tsarin kwamiti kuwa an rubuta ta ne a ƙasa da cewa in lokaci ya bari.

Masu son hutu, ban manta da ku ba, ni ma ina so. Abin da kwamiti bai lura da shi ba shi ne, ƙarshen wannan hanya ai bakin teku ne. Ga rairayi iya ganinka, ga itatuwan kwakwa, ga iska. Ba sai mun sake shiga bas mun nufi Suntan, a kan hanyar Seme, mun ƙara shingaye a gabanmu ba. Taura biyu ba ta taunuwa a yini ɗaya. Na san akwai wanda zai ce bai dace a shimfiɗa tabarma a ci shinkafa a inda aka yi kuka ba, kuma wannan magana tana da nauyi. Abin da nake gani shi ne mu tsaya a daidai wurin cikin natsuwa, babu kiɗa, babu hoton tsalle. Wani daga cikinmu ya karanta taƙaitaccen tarihin Pasko da Hausa, wani ya fassara zuwa Yarabanci ko Ibo ko Turanci, kamar yadda shi ma ya yi ta yi tsakanin mutane. In an gama, sai mu matsa can gaba mu ci abinci, mu buga ƙwallo, a sayi kwakwa a sha. Mutanen tsibirin ma a nan suke kamun kifi suna renon 'ya'yansu, ba maƙabarta ba ce.

Sai dai teku a wannan gaɓa ba tafki ba ce. Igiyarta tana ja ta ƙasa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Kada mu dogara cewa za mu tarar da mai ceto. A wanke ƙafa, a tsaya nan. A naɗa mutum biyu da ba za su yi wasa ba, aikinsu kawai su sa ido su ƙirga kawuna. Ƙarfe huɗu a fara haramar komawa, domin a tsallake ruwa da sauran rana, a kuma wuce Agbara kafin duhu.

Saura abu ɗaya da nake so a ƙara, ba ya cin ko kwabo. Yawancinmu Hausar littafi muke yi, in muka haɗu da Bahaushe sai harshe ya ɗaure, mu koma Turancin kasuwa. A kan wannan titi akwai kasuwar da sunanta ma rabi Hausa ne, Alaba Rago, kuma a Badagry kanta ba za a rasa mai shayi ko mai tsire ko mai sayar da albasa da ya fito daga Arewa ko Nijar ba. A ba kowane rukuni aiki: kafin a hau bas, su gaisa da mutum ɗaya da Hausa, su yi ciniki da Hausa, in ya yarda su tambaye shi garinsu da shekarunsa nawa a nan da hanyar da ya biyo. A gaya masa ko mu su wane ne da abin da za mu yi da maganarsa, in ya ƙi a yi masa godiya a wuce. Abin da aka samo a kawo wa edita, ya cika shafi biyu a fitowa ta gaba.

Za a kawo tsarin gaban taron ƙungiya kafin a biya kuɗin mota. Zan miƙa gyara uku a rubuce: a tashi ƙarfe shida, a soke wurin shaƙatawa mai kuɗin shiga, a kuma mayar da tsallakawa Gberefu wajibi tare da rigunan kariya ga kowa. Ina bukatar mutum ɗaya da zai mara mini baya kafin a sa su ƙuri'a, da wasu uku daga aji uku ko huɗu da za su jagoranci rukunonin. Ni na ɗauki nauyin rubuta tarihin Pasko a shafi ɗaya, amma ina neman wanda Hausa ce harshen uwarsa ya duba mini karin sauti kafin in tsaya gaban jama'a in karanta.